Yadda Ake Cinikin Gidan Alfarma a Legas, Daga Hira da Maigadi Zuwa Sa Hannun Gwamna

Wanda ya saba cinikin tirelar albasa a Mile 12, ko sayen bijimi a Oko-Oba, ba za a koya masa taya da albarka ba. Ya san a duba haƙori, a daki ƙugu, a juya baya kamar za a tafi har mai kaya ya ce dawo. Amma na sha ganin irin waɗannan gwanayen kasuwa, da zarar an tsayar da su gaban wani tanƙamemen gida a Ikoyi ko Lekki, sai jikinsu ya yi sanyi. Marmara ta ɗauke ido, dillali mai kwat yana ta zuba Turanci, kunya ta hana Alhaji tambayar abin da bai gane ba. Abin yana ci mini rai, domin gumin shekara talatin ne ake shirin zubawa a wuni ɗaya.

Gwanintar kasuwa tana aiki a Banana Island, unguwar attajirai da ke Ikoyi, kamar yadda take aiki a kara. Sai dai bijimi gaba ɗayansa kake gani a tsaye. Gida a Legas kuwa rabinsa takarda ne da ke ajiye a Alausa, inda ofisoshin gwamnatin jihar suke, wani ɓangaren kuma sai damina ta sauka ake saninsa. Wanda ya tara waɗannan bayanai kafin a ambaci farashi, shi ke riƙe da igiyar ciniki. Ga yadda ake bi.

Fara da zuwa kai kaɗai, ka zauna da maigadi

Ranar da dillali ya kai ka ganin gida, an share, an kunna janareta, an fesa turare. Ka duba, ka yi godiya, kada ka yaba komai da baki. Bayan kwana biyu ka koma ba tare da shi ba, cikin kaya marasa ɗaukar ido, ka bar babbar motar a gida.

A nan Bahaushe yake da wata dama da sauran masu saye ba su da ita. A layukan Parkview, Osborne, Lekki Phase 1 da Oniru, da yawa daga masu gadi, masu shayi da masu gyaran takalmi namu ne, 'yan Arewa da 'yan Nijar. Mutumin da ya yi shekara biyar a bakin ƙofar nan ya san abin da babu shi a kowace takardar talla. Ka yi sallama, ka gaisa yadda ya kamata, ka tambayi mutanen gida da labarin gari, a sha shayi. Sannan a hankali: "Baba, gidan nan ya daɗe ba kowa ne?" "Da damina yaya layin nan yake?" "Mutum nawa suka zo gani tun bayan Sallah?"

Na taɓa raka wani ɗan'uwa ganin gida a wani rukuni da ke hanyar Lekki. Komai fes, fenti sabo har yana ƙamshi. Da muka koma da la'asar, dattijon da ke gadin gidan maƙwabta bai yi dogon bayani ba. Ya ja mu bayan katanga, wajen da mai fenti bai kai ba, ya ɗora yatsa a kan wani layin laka da ya kusa kai ƙugu, ya ce, "Alhaji, nan ruwa ya tsaya bara." Wannan yatsa ya fi duk abin da aka gaya mana a ofis amfani. Ka kyautata wa mutumin da ya yi maka haka, kuma kada ka taɓa ambaton sunansa gaban mai gida ko dillali, domin abincinsa yana wurin.

In da hali, ka sa cinikin ya ratsa watan Yuni ko Yuli, lokacin da ruwan Legas ya fi ƙarfi. Wanda ya ga yadda ambaliya ta mamaye Lekki da Victoria Island a Yulin 2017 ba zai sayi gida a yankin da ganin rani kaɗai ba.

Ka ƙirga dillalan da ke tsakaninka da mai gida

Gida ɗaya a Legas yana iya yawo a wayoyin dillalai goma, kowa da farashinsa. Na farko ya ji daga lauyan mai gida, ya gaya wa na biyu, na biyu ya ɗora nasa, har ya iso ga ɗan'uwanka da ya ce maka "nawa ne, kai tsaye." Kafin ka taya ko kwabo, ka nemi ganin takardar da mai gida ya rubuta yana bai wa dillali izinin sayarwa. Wanda ba shi da ita ɗan kayi-nayi ne. Ba laifi a sallame shi da wani abu in shi ya nuna maka hanya, amma ba da shi za ka yi ciniki ba. Jihar tana da hukumar LASRERA da ke rajistar dillalan gidaje, ka tambayi naka ko yana cikinta.

La'ada kuma a yanke ta tun yanzu, a rubuce. An saba jin kashi 5 cikin ɗari, amma a gidan biliyan ɗaya wannan naira miliyan hamsin ke nan, kuma ana rage ta. A fayyace wa zai biya, nawa ne, kuma cewa sai ciniki ya faɗa an miƙa takardu. Zumunci da yawa ya lalace a Agege da Idi-Araba saboda la'adar da aka bari a baki.

Takardu: a nan za ka daɗe

Tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ƙasar kowace jiha tana hannun gwamna ne a matsayin amana. Abin da mai gida yake riƙe da shi haƙƙin zama ne, galibi na shekara 99, kuma ba ya komawa hannun wani a idon doka sai da amincewar gwamna. Saboda haka tambayar farko ita ce wace takarda ke kan gidan. Akwai mai C of O, wato takardar shaidar haƙƙin zama da gwamna ke bayarwa. Akwai wanda ya saya daga mai C of O ya kuma samu sa hannun gwamna. Akwai wanda ya saya bai taɓa kai takardarsa Alausa ba, akwai kuma wanda duk abin da yake da shi rasit ne daga dangin masu ƙasa, waɗanda ake kira omo onile. Waɗannan huɗun ba farashinsu ɗaya ba, ko da ginin iri ɗaya ne.

Ka ɗauki lauyanka na kanka. Kada ka yarda da "lauyanmu zai yi wa kowa," domin ba a yi wa mutum biyu aski da hannu ɗaya a lokaci guda. Aikin da za ka sa shi:

Ya yi bincike a rajistar filaye ta Alausa, ya ga sunan wa ke kan fayil, kuma ko an jinginar da gidan a banki. Ya kai taswirar safiyo ofishin Babban Safiyon jiha a ɗora ta a kan taswirar gwamnati, a ga ko filin ya faɗa cikin wanda gwamnati ta karɓe, ko kan hanyar ruwa, ko inda titi zai bi. Ya duba kotu ko akwai shari'a. In kamfani ne mai sayarwa, ya bincika a hukumar CAC mai rajistar kamfanoni ya ga su wa ke da ikon sa hannu. In gidan gado ne, ya ga takardar kotu da ta ba magada ikon sayarwa, kuma duk wanda sunansa ke ciki ya sa hannu, har da wanda ke Landan.

A Ikoyi akwai wani ƙarin abu. Wasu filayen asalinsu na Gwamnatin Tarayya ne tun Legas tana babban birnin ƙasa, takardunsu daga can suka fito, jihar kuma tana neman a daidaita su a wurinta. Ka tambaya ko an yi, in ba a yi ba a san wa zai ɗauki nauyin.

Kada wani ya ce maka unguwar manya ce, ba a taɓa ta. A Magodo, unguwar da manyan mutane suka cika, rikicin fili da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a kansa a 2012 ya dawo a ƙarshen 2021, mazauna suka wayi gari da 'yan sanda a ƙofa. A 2023 gwamnatin jiha ta rushe gidaje masu tsada a yankin Ikota saboda an gina su a kan hanyar ruwa. A 2024 aikin titin gaɓar teku na Legas zuwa Kalaba ya ci gine-gine a bakin ruwan Oniru. Katafila ba ta tambayar nawa aka sayi gida.

Duk abin da binciken ya tono, in ba mai kashe ciniki ba ne, to makamin ragi ne. Mai gida bai karɓi sa hannun gwamna ba lokacin da ya saya? Kuɗin gyara wannan daga farashinsa za a cire. Ana bin gidan bashin harajin ƙasa na shekara-shekara? Shi zai biya ya kawo rasit, ko a zabtare.

Injiniya, da lissafin riƙon gida

A ranar 1 ga Nuwamba 2021 bene mai hawa 21 da ake ginawa a titin Gerrard na Ikoyi ya rufta, mutum fiye da arba'in suka rasu. Tun ba a gama shi ba ake tallar ɗakunansa da dala. A 2023 wani ya sake faɗuwa a Banana Island. Don haka ka nemi takardar izinin gini, ka ƙirga hawan da aka amince da shi, ka ƙirga wanda ke tsaye. Ka kawo injiniyan gini naka ya duba ginshiƙai da harsashi, musamman a wuraren da aka cike ruwa da yashi aka yi fili. Ya duba rufi, wayoyin wuta, da tsatsar da iskar teku ke sa wa ƙarfe. Rahotonsa a rubuce, da ƙiyasin kuɗin gyara, shi za ka ajiye a kan tebur ranar ciniki.

Sai kuɗin hidima na rukunin gidaje: gadi, shara, lifta, tace ruwa, man janareta. A wasu benayen Ikoyi abin da ake biya a shekara ya isa hayar gida mai kyau a Kano. Wutar layin Band A, wato rukunin waɗanda suka fi samun wutar lantarki a rana, ta koma naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024. Ka nemi rasit na shekara biyu da suka wuce, ka ga yadda kuɗin ke hawa, ka tambaya ko mai gidan yana da bashi a wurin masu kula da rukunin.

A daidaita kuɗin da ake magana da shi

A Ikoyi, Banana Island da Eko Atlantic za ka ji ana faɗin farashi da dala, duk da cewa naira ce kuɗin da doka ta sani a cinikin cikin gida, Babban Banki kuma ya sha gargaɗi a kan haka. 'Yan canjinmu sun fi kowa sanin haɗarin. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Wanda ya yi alkawarin biya kashi-kashi da lissafin dala a wannan tsakanin ya ga tashin hankali.

Ka nemi a rubuta farashin da naira, adadi tsayayye, da ranar biya. In mai gida ya dage sai an danganta da dala, a rubuta wane farashi za a bi, na wace rana, kuma a sa iyakar da in canji ya wuce ta kowa yana da damar janyewa ba tare da asara ba.

Zaman taya

Kafin ka shiga, ka rubuta wa kanka lambobi biyu: abin da za ka taya, da inda in an wuce za ka tashi. Na biyun kada dillali ya ji shi, ko da ɗan unguwarku ne, domin la'adarsa tana ƙaruwa ne in farashi ya hau. Hanyar samun lambobin ita ce ka biya ƙwararren mai ƙiyasta darajar gidaje ya gaya maka nawa aka sayar da makamantansa a layin. Farashin da ke intanet buri ne na masu gida. A tsohuwar Ikoyi ma sau da yawa filin ake saye, da murabba'in mita, tsohon ginin kuwa rushe shi za a yi, don haka kada a caje ka kuɗin bango.

Ka san dalilin sayarwar. Wanda banki ke bi, da magada da ke son a raba, da mai ginin da ke neman kuɗin ƙarasa wani aiki, duk sauri suke so, kuma mai kuɗi a hannu yana samun ragi mai kauri a wurinsu. Attajirin da ba ya bukatar kuɗin kuwa zai iya barin gida a rufe shekara uku. Da irinsa matsa lamba ba ta aiki, sai girmamawa da haƙuri.

Tayin wulaƙanci, irin raba farashi biyu da ake yi a kasuwar gwanjo, yana rufe ƙofa a nan. Ka taya ƙasa, amma kowace naira da ka cire ka ba ta dalili. Misali gidan da aka sa wa miliyan 900: "Ranka ya daɗe, gidan ya yi mini. Injiniya ya ce rufi da wayoyi za su ci kaza, ga takardarsa. Lauya ya ce sa hannun gwamna na baya bai fito ba, zai ci kaza. Na saya miliyan 760, in biya cikin kwana goma sha huɗu." Ka faɗa, ka yi shiru. Shirun nan yana da nauyi, kuma yawancinmu mu ke fara karya shi da ƙari tun ba a nema ba. Bar shi ya ce albarka tukuna.

In za ka ƙara, ƙarin ya riƙa ƙanƙancewa: ashirin, sannan goma, sannan biyar. Haka yake gane ka kusa bango. Kuma kada ka ƙara a banza. Kowane ƙari ya zo da abin da za ka karɓa: janareta da na'urorin sanyaya ɗaki su zauna, ya biya kuɗin hidimar bana, ya ɗauki rabin la'ada, ya gyara rufi kafin miƙa makulli. Sau da yawa mai gida ya riga ya gaya wa abokansa farashin da zai sayar, ba ya son lambar ta sauka. Ka bar masa lambarsa ka karɓi naka ta waɗannan hanyoyi.

Za a ce maka, "Akwai wani daga Abuja zai biya gobe." Wani lokaci gaskiya ne, sau da yawa ba haka ba. Amsa ɗaya ce: "Allah ya sa albarka. In bai biya ba, tayina yana nan har Juma'a." Ka sa wa tayinka wa'adi, a rubuce. In kuwa ka tabbatar wani ya riga ya yi nisa da ciniki har an sallama masa, ka janye, addini ya hana shiga cinikin ɗan'uwa.

Wani abu da nake roƙon Alhazanmu: kada a tafi da tawaga. Mota huɗu da 'yan rakiya suna ƙara wa gida farashi tun daga bakin get. Kuma in da uwargida za a je gani, ku yi shawara tun a gida cewa duk abin da ya burge ku sai an koma mota za a faɗa.

In kai ne mai sayarwa

Ka gyara takardunka kafin ka kira dillali, domin duk ramin da ka bari mai saye zai auna shi ya cire fiye da kuɗinsa. Ka ba dillali ɗaya ko biyu izini a rubuce, da wa'adi da farashi guda. Gidan da ya yi yawo a wayoyi da farashi biyar sunansa ya ɓaci, kowa zai ɗauka akwai matsala. Kada ka sa farashin sama da hankali da niyyar a rage, masu irin wannan kuɗin ba su da yawa a garin, kuma duk sun san juna. Kafin ka buɗe wa mutum ɗakin kwananka, lauyanka ya ga shaidar cewa yana da kuɗin. Bukatarka kuwa, ko bashi ne ko kuɗin makarantar yara a waje, ta tsaya a cikinka.

Aibin da ka sani ka faɗe shi. In ruwa yana shiga, ka ce yana shiga, ka nuna abin da ka yi a kai. Ɓoye aibi haramun ne, kuma injiniyan mai saye zai gano, daga nan duk maganarka ta zube. Kada kuma ka sa a kawo mai tayin ƙarya don a zuga farashi.

Kafin alƙalami, biya, da Alausa

"Na saya, na sayar" da musafaha gaban shaidu abu ne mai daraja a wurinmu, amma cinikin ƙasa sai da rubutu. Da an sallama, lauyoyi su rubuta yarjejeniyar sayarwa: farashi, kafin alƙalami, ranar cikawa, jerin kayan da za a bari a gidan ɗaya bayan ɗaya, da abin da zai faru in wani ya saɓa. An saba ba da kashi 10 cikin ɗari. Ka dage a rubuta cewa in matsala ta fito daga takardun mai gida, kuɗinka zai dawo cif. In gidan ba a gama gina shi ba, biya ya bi aiki hawa-hawa, injiniyanka yana tabbatarwa, kuma ka riƙe wani kaso sai an miƙa makulli.

Kada ka kai kuɗi a buhu. Dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum biya ko karɓar tsabar da ta wuce naira miliyan biyar ba ta banki ba, kamfani kuma miliyan goma. Ka tura ta banki, zuwa asusun da ke ɗauke da sunan da ke kan takardar gida. Ba na dillali ba, ba na ƙanin mai gida ba. Ranar cikawa a yi hannu da hannu: kuɗi ya shiga, a sa hannu a takardar miƙa mallaka da fom ɗin neman amincewar gwamna, ka karɓi takardun asali, ba kwafi ba, da makullai. A ranar ka canza kwaɗo ka sa maigadinka.

Sannan ka ware kuɗin Alausa tun cikin lissafin farko. A 2015 jihar ta rage jimillar kuɗin amincewar gwamna, hatimi, rajista da harajin riba zuwa kashi 3 cikin ɗari na darajar da gwamnati ta yi wa gida, kuma darajar tata ce ake bi, ba abin da kuka rubuta ba, don haka lauya ya karɓo maka lissafin da ake aiki da shi a ranar. Da yawa daga mutanenmu suna tarewa su jefa takardu a durowa, sai bayan shekaru, an zo jingina ko rabon gado, a tarar har yanzu sunan tsohon mai gida ne a fayil, shi kuma ya rasu ko ya bar ƙasar. Ka sa lauya ya shigar da takardun a satin da aka biya, ya ba ka lambar fayil, ka riƙa bibiya da kanka har ranar da za a miƙo maka su da lambar rajista da sunanka a kai.